Inda Shanun Luhende Suke Tsayawa

Shekara uku Luhende yana baje wa Nkwimba gona kyauta, shekara uku kuma shinkafarta tana mutuwa. Duk wanda ya ce abubuwan nan biyu ba su san juna ba, to bai taɓa kwana da yunwa ba.

Nkwimba 'yar Masele tsohuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna can gidajen aurensu. Abin da ta mallaka a duniya gonar shinkafa ce guda ɗaya a fadamar Mwabuki, kewaye da ganuwar laka kamar ta kowa. In an yi ruwa ya gangaro daga tudu, tata yake fara shiga, daga ita sai ta Luhende da ke ƙasa, ganuwa ɗaya ce ta raba su. Dokar fadama kuwa tun ta kakanni ce. Na sama shi ke riƙe ruwa har gonarsa ta sha ta ƙoshi, sannan ya sa fartanya ya buɗe wa na ƙasa baki. Na ƙasa ba ya taɓa ganuwar na sama ko da shinkafarsa na ƙonewa yana kallo. In ya taɓa, saniya ce tararsa, kuma ko wuta ba mai ba shi a garin sai ya biya.

Luhende bai taɓa sa hannu a ganuwar ba. Wannan kam a faɗi gaskiyarsa. Mutum ne mai fara'a, haƙora kullum a waje, benci na gaba a coci, in ana waƙa muryarsa ake fara ji. Shekarar da ciwon huhu ya kwashe wa Nkwimba shanunta biyu, wata huɗu bayan an binne maigidanta Masunga, shi ne ya zo ƙofarta ya cire hula, ya kira ta Mayu, wato uwa a yarensu.

"Mayu, kada ki sa wa ranki damuwa. Marigayi ubana ne. Muddin ina da shanu, ke ma kina da su."

Ta yi kuka ranar. Kukan nan har yau in ta tuna shi sai ta tofar da yawu.

Aikin baje gona ba wani abin ɓoye ba ne. Garma in ta wuce takan bar ƙasa hoge-hoge, nan tudu can kwari, kamar inda aladu suka yi tono. Sai a bari ruwa ya jiƙa ta, a ɗaura wa shanu faffaɗan katako da sarƙa. Mai aiki ya hau katakon a inda ke da tudu, nauyinsa ya danne shi ya ci ƙasa ya turo ta, in an iso kwari ya sauka ta zube. A yi ta kaiwa da komowa har gona ta kwanta kamar faifai, ruwa ya tsaya daidai idon sawu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mai gona kuma, in mace ce, ba ta zama a wurin. Nata shi ne ta koma gida ta yanka kaza, ta tuƙa tuwo, ta kawo wa mai aiki da rana tsaka. Haka aka saba, haka kuwa Nkwimba ta yi, da hannu biyu, har da durƙuso.

To ga abin da ke biyo baya. Ta yi dashe, a sako ruwa na farko mai ƙarfi, sai ruwan duk ya tattara ya kwanta a jikin ganuwar Luhende har gwiwa, dashen wajen ya nutse ko kansa ba a gani. Can sama kuma ƙasa a buɗe, rana na dukanta tana tsagewa. Ɗanyen dashe in ya kwana biyu a ƙarƙashin ruwa ruɓewa yake yi. Me za ta yi? Sai ta ɗauki fartanyarta, da hannunta, ba wanda ya sa ta, ta sare baki ta saki ruwan don ta ceci dashen da ya nutse. Ruwa ya malale gonar Luhende. Dashen sama ya ƙone. Ruwa na gaba ma haka, na gaba ma haka. Shi kuwa yana tsaye a tasa gonar, wando a naɗe, yana ɗaga mata hannu.

"Allah ya ƙara arziki, Mayu! Ke kam ba ki iya rowa ba."

Abin da ta girbe bara bai kai ta Kirsimeti ba. Da busasshen dankali ta ƙarasa shekara, da ɗan abin da 'ya'yanta suka saci idon mazajensu suka aiko. Shi kuwa ya sauke jinka ya yi rufin kwano.

Ƙawarta Holo ta fara yi wa maganar, suna zaune suna ɓarar gyaɗa. Holo tsararta ce, shekara guda aka yi musu aure, bakinta kuma ba linzami.

"Holo, gonar nan da ba haka take ba. Shekara talatin muna nomanta ni da Masunga, ruwa bai taɓa zaɓar gefe ba."

"Ƙasa ma tsufa take yi, 'yar Masele. Dube ni mana. Da a miƙe nake, yanzu duk na zube gefe ɗaya."

"Ba wasa nake ba, tsohuwar banza."

"Ni ma ba wasa nake ba. Mutumin nan yana miki aiki ko shilingi ɗaya ba ya karɓa, ke kuma kina neman inda za ki laƙa masa sharri. Wa za ki faɗa wa? Wa zai saurare ki?" Holo ta rage murya. "Kuma ki iya bakinki. Tsohuwa ita kaɗai a gida, ido ya yi ja don hayaƙi, ta tashi tana zargin mai abin hannu. Kin dai san sunan da ake ba irinmu."

Nkwimba ta sani, mayya ake cewa. Ta ga yadda aka yi da wasu. Amma yunwa ma kisa take yi, ita dai ba ta zuwa da adda ne kawai.

Bana da damina ta kama, Luhende ya yi mata huɗa kamar yadda ya saba. Sai 'yarta ta haihu, ta tafi ta kwana uku a can. Da ta dawo ta tarar har ya shiga da katako, ya yi kwana biyu yana ja, bai jira ta ba, bai jira kaza ba. Mata suna ta yaba shi a bakin rijiya. Ita kuwa abin ya tsaya mata a rai. Wane irin mai aiki ne yake gudun abincinsa?

Rana ta uku da sassafe sai ga ta a bakin gona, tukunya a ka, kaza a hammata, itace ɗaure a baya. Ta jera duwatsu uku a gindin tsamiya ta hura wuta.

Luhende yana cikin ɗaura sarƙa ya ɗago. "Mayu, lafiya? Yau a daji za a yi girkin?"

"Ƙafafuna sun gaji da kaiwa da komowa, ɗana. In dafa a nan ka ci da zafinsa."

"Ai hayaƙi zai dami shanun."

"Shanun da ke kwana a gefen wutar garke? Ja kayanka, ɗana, rana na yi."

Ya yi yaƙe ya kora su cikin laka.

Ranar nan ya yi aiki kamar wanda ke gaban alƙali. A sama yake hawa, a ƙasa yake sauka, babu inda za ka kama shi. Tana figar kaza tana kallonsa ta wutsiyar ido, har ta soma jin nauyi a ranta, tana cewa ko dai Holo ce ke da gaskiya.

Shanun ne suka ƙi rufa masa asiri. Bijimai biyu ne, baƙin ana ce masa Kapteni, jan kuma Simba, horarru ne da duk fadamar nan ake kwatance da su. Duk sa'ad da suka gangaro gindin ganuwar Luhende suka juya, sai su ja su tsaya cik. Su sunkuyar da kai, su kafa ƙafafun baya, su danna wuya a karkiya, irin tsayuwar san da ke jiran a ɗora masa nauyi. Luhende ya daka musu tsawa ya zuba wa Kapteni bulala, su fizga da dukan ƙarfinsu, katakon ba kowa a kai ya yi tsalle ya watsa laka. In kuma suka kai sama, inda ya kamata su dakata ya hau, sai su juya da sauri su kamo hanya kamar masu komawa garke, ya bi su da gudu yana, "Tsaya! Tsaya, ɗan banza!" Sau ɗaya, sau biyu, har ta daina ƙirgawa.

Wuƙa ta tsaya a hannun Nkwimba. Ta yi shekara talatin tana riƙe wa Masunga igiyar shanu. Sa ba ya tsayawa inda ba a koya masa tsayuwa ba. Mutum ya iya sake hali don ana kallonsa, sa bai iya ba.

Da rana ta take ta sauke tuwo, ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta tura masa kwanon kaza.

"Shanun naka yau ba su da lafiya ne, ɗana?"

"Ƙuda ne ke damun su."

"Ƙudan nan kuwa ya san wuri. A gindin ganuwarka kaɗai yake cizo."

Loma ta tsaya masa tsakanin kwano da baki. Ya dube ta, ta dube shi. Can ya haɗiye, ya yi 'yar dariya. "Mayu ke nan. Tsufa dai ba ya barin mutum ya yi shiru."

"Ba ya bari kam. Ci ka ƙoshi."

Da ya gama ta tattara kwanukanta, ta yi masa sannu da aiki, ta kama hanyar gari yana kallonta. Sai da ta sha kwanar shingen aduwa ta ajiye kayan, ta zagayo ta bayan babban surin da ke gabas da gonar, ta kwanta rubda ciki a cikin ciyawa kamar mafarauci, tururuwa na hawa mata ƙafa.

Bai daɗe ba. Ya tsaya ya duba hanya, ya duba tudu, ya rataye bulala a kafaɗa. Shanu suka gangara gindin ganuwarsa, suka juya, suka tsaya. Ya taka ya hau katako da ƙafa biyu. Ko kalma bai ce musu ba suka ɗauka. Katakon ya nutse, laka ta taru a gabansa tana birgima, suka tura ta, suka tura ta, har can saman gona, ya diro ya bar ta a nan tsibi guda. Suka dawo da sassarfa, katako na rawa a bayansu ba komai. Yana ta rera waƙar coci. Yana ƙwaƙule mata gona daga gindi yana jibgewa a ka, don ruwa ya taru inda yake so, don ita da kanta ta buɗe masa. Bai taɓa ganuwa ba. Hannunta ya mayar fartanyarsa.

Ta so ta miƙe ta kurma ihu. Ta ciji zanenta ta danne. Ihun tsohuwa a daji, wa zai ɗauke shi shaida?

Da la'asar ta isa gidan Jilala, shugaban dattawan fadama, tana nan da lakarta da ciyawarta. Ta tarar da shi a kan kujerar katako yana gyaran igiya. Ta durƙusa yadda mata ke durƙusawa, amma muryarta a tsaye take. Ta zayyane masa komai.

Jilala ya daɗe yana murza igiya a cinya. "'Yar Masele, wa ya gani?"

"Ni."

"Ban da ke?"

"Allah."

"Shi ba ya zuwa zaman dattawa. Luhende mutum ne mai mutunci. Kin san abin da za a ce in kika tara jama'a kika kasa?"

"Na sani, Baba. Akwai wasu shaidun biyu, sai dai ƙafa huɗu gare su."

Ya ajiye igiyar. Ta gaya masa abin da take so a yi. Ya ce a bari sai bayan Lahadi. Ta ce irin dashenta ya isa cira, in ya ƙara mako ya tsufa, in kuma ta dasa a karkatacciyar gona ta dasa wa Luhende, saboda haka ba za ta tashi daga ƙofarsa ba, ya sa matarsa ta shimfiɗa mata tabarma. Jilala ya san ta tun tana budurwa. Ya ce gobe da hantsi.

Kafin hantsi ganuwoyi sun cika da mutane, har masu dashe sun bar dashensu. Luhende ya zo da farar riga, ya tsaya hannu a ƙirji, murya na rawa.

"Iyayena, ni dai ban san laifina ba. Shekara uku ina wahalar da shanuna a gonar baiwar Allah nan. Na taɓa ganuwarta? Wanda ya gan ni ya faɗa. Ita ke buɗewa, kowa na gani. In alheri ya zama laifi a garin nan, to ku gaya mana mu daina."

Aka yi ta gyaɗa kai. Wata mata daga baya ta ce, "Butulci dai ba kyau." Wani ya ce, "Gonar ai dama gangare ce." Holo na tsaye kusa da Nkwimba tana ja mata zane, tana raɗa mata, "Kin ga abin da na faɗa miki, mai taurin kan tsiya?"

Nkwimba ta fizge zanenta. "Ban zo musu da shi ba, baki ya fi ni. A ɗaura wa shanunsa katako. Baba Jilala ya riƙe igiya da kansa. Shi kuma ya koma bayan tsamiya ya rufe bakinsa. Mu ga inda za su tsaya."

Aka fashe da dariya. "Yau sa zai yi rantsuwa!" in ji wani. "A kawo masa Littafi ya dafa da kofato!"

Jilala bai yi dariya ba. Ya naɗe wando, ƙafafunsa kamar sandar kiwo, ya shiga laka ya karɓi igiya. Ya kora su daga sama zuwa ƙasa. Kapteni na ta zare ido saboda taro, Simba na kaɗa wutsiya. Suka iso gindin ganuwa, suka juya, suka wuce abinsu ba su ko dakata ba.

Aka sa sowa. Nkwimba ta ga shinkafar bana ta tafi, ta ga kanta a bakin matan rijiya. Sai kunnenta ya kamo wani abu: daga bayan tsamiya ana wani ɗan tari, ƙasa-ƙasa, irin wanda sa ya san ma'anarsa.

"Tarin me kake yi?" Ta nuna shi da yatsa. "Mura ce ta kama ka yanzu-yanzu? Baba, korar su yake da maƙogwaro! A kai shi can bayan suri, inda na kwanta jiya ina kallonsa!"

Fuskar Luhende ta sauya da ya ji zancen suri. Mutane kuma sun ga ta sauya. Jilala ya ɗaga kai, dattawa biyu suka raka shi can nesa. Ya ce kowa ya yi shiru, wanda ya yi magana ya bar wurin.

"Kada ka ja igiyar, Baba," in ji Nkwimba. "Sake musu ita."

Ya sake. Shanu suka haura, suka juya, suka gangaro a natse, ba abin da ake ji sai caɓal-caɓal ɗin kofato da ƙarar sarƙa. Suka iso gindin ganuwar Luhende. Suka juya. Suka tsaya. Kai a ƙasa, ƙafafun baya a kafe, wuya a danne cikin karkiya. Kapteni har ya waiwayo yana duban katako, kamar mai cewa me ake jira.

Jilala ya dubi shanun, ya dubi jama'a. Ya ɗaga ƙafa ya ɗora a kan katako, ya ɗora ta biyu. Kafin ya gyara tsayuwa sun ɗauka da shi, saura kaɗan ya faɗi da baya. Laka ta taru a gaban katakon, suka kai ta har sama. Yana dirowa suka juya da kansu suka dawo da sassarfa, suka sake tsayawa a wuri ɗaya.

Ba wanda ya yi sowa yanzu. Matar nan mai zancen butulci ta sunkuya tana gyara goyon da bai kwance ba.

Aka dawo da Luhende. Bai rasa abin faɗa ba, irinsu ba sa rasawa. Wai a ɗaya gonarsa ta bayan tudu suka saba, can gangaren ta wannan gefen yake. Wai dabba ba ta san gabas da yamma ba. Dattawa suka koma gefe suka haɗa kai, suka daɗe suna ƙus-ƙus, sannan Jilala ya fito yana share laka daga gwiwa.

"Mun ji, mun gani. Abin da ke cikin zuciyar mutum ba mu da idon ganinsa. Ganuwa bai taɓa ba, saboda haka babu zancen saniya. Amma gona ta karkace, kuma katakonsa ne ya bi ta kanta. Zai mayar da ƙasa inda ya ɗebo ta, daga gobe, ina zaune ina kallo, har sai ruwa ya kwanta daidai."

"Shi ke nan?" in ji Nkwimba.

"Shi ke nan, 'yar Masele."

"Ku kira shi da sunansa mana! Wanda ya ɗauki akuya kun san sunan da kuke ba shi. Wanda ya ɗauki ruwan tsohuwa shekara uku fa, ba shi da suna?"

"Kin sami gonarki. Kada ki ɓata rawarki da tsalle."

Haka suka yi, dattawan Mwabuki, masu furfura har a gira. Suna ganin abu da idonsu, sa ya ja shugabansu a laka a gaban kowa, amma kalma ɗaya ta gagari bakinsu. Da tsohuwar ce aka kama da fartanya a ganuwar wani, da kafin rana ta faɗi an kora akuyarta an kuma yi mata waƙa. Ranar Lahadi Luhende ya zauna a bencinsa na gaba, ba wanda ya ce ya matsa.

Aikin gyara ya ci kwana huɗu, don sai da aka yi ta fama da shanun kafin su yarda su tsaya a sama. Nkwimba ba ta koma gida ba ko sau ɗaya. Tana kan ganuwa da sanda a hannu, tana nuna masa. "Can. A'a, can gaba. Hau da ƙafa biyu, ɗana, ai na ga ka iya." Holo ta zo ta tambaye ta ko za a yanka kaza, tunda al'ada ce.

"Ya ci ta bara da ta bara waccan. Ya yi tuƙa kamar shanunsa."

Irin ya ɗan wuce lokaci, ya yi tsawo, sai da suka datse masa kai kafin su dasa, ita da Holo da 'yarta ɗaya da ta zo taya su. Suka gama, sama ta yi shiru kwana shida. Kullum Nkwimba na gona tana duban gabas, tana zagin gajimare.

Rana ta bakwai da azahar aka tsuge da ruwa. Bai gama ɗaukewa ba ta fito da buhu a ka, fartanya a kafaɗa. Ruwa na shigowa daga tudu jajawur, yana bazuwa a hankali, layi bayan layi, ba ya gudu, ba ya zaɓar gefe. Ta shiga ta bi gonar da ƙafa. A tsakiya idon sawu. A gindin ganuwar Luhende idon sawu da ɗan yatsa biyu, dashe duk kai a waje. Ta tsaya a nan ta daɗe.

Washegari ya zo. Tasa gonar ta sha abin da ya zubo mata daga sama kawai, laka har ta soma yin fata. Ya tsaya a nasa gefen, taku ɗaya tsakaninsa da ganuwa, hannuwa a baya.

"Mayu, barka da ruwa."

"Barka kadai."

"Na ga taki ta cika."

"Idonka ne ya cika." Ta juya ta nuna masa da bakin fartanya. Can kusurwar sama ta arewa akwai wani ɗan wuri, bai fi faɗin tabarma ba, inda ƙasa ke leƙowa a kan ruwa. "Ka ga wancan? Bai sha ba."

"Haba Mayu, wannan ɗan wurin? Shinkafata fa za ta ƙone."

"Wa ya baje gonar?"

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"To ka roƙi Allah ya ƙaro ruwa. In wancan ya nutse zan buɗe maka, ba zan ƙara ko yini ɗaya ba, ni ba na cin haƙƙin mutum."

Ta hau kan ganuwar ta zauna, ta miƙe ƙafafu cikin ruwanta, ta ɗora fartanya a cinya. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Ko gajimare ɗaya babu.